Hamsin da Miliyan Biyu

Dormaa, 3 ga Mayu

Zuwa ga Afia Benewaa, a kantin magani, Kumasi.

Afia, ina gaishe ki, ina gaida uwarki, ƙanwata, idan har yanzu tana karɓar gaisuwata. Lafiyata lau, ban da gwiwar hagu da kunnen da kika sani. Tiren ƙwan da wannan takarda ke ƙarƙashinsa talatin ne cif, da hannuna na ƙirga. Idan kin ga ashirin da tara ki tsare Oppong direba, kada ki yarda ya ce miki ramin hanya ne.

Rabonki da Dormaa tun jana'izar matata, shekara biyu ke nan, ko a ranar ma ba ki kwana ba. Ba don wannan na rubuto ba. Na faɗa ne don kada ki ɗauka na manta.

Ga abin da ya sa na ɗauki biro. Ansu ya cuce ni. Ansu mai kantin kayan kaji na bakin tasha, wanda muka fara kiwo rana ɗaya, wanda shekara talatin da ɗaya ban taɓa sayen garin bitamin a hannun wani ba sai shi. Makon jiya na aika a ɗauko mini buhu biyu, sai aka kawo sabon buhu mai ruwan ganye, ba jan da na saba ba. Ni ban yi makaranta ba, ajin manya na coci ne ya koya mini riƙe biro ina da shekara arba'in, Turanci kuwa ban san inda ya dosa ba. Amma lamba ba ta ɓoye mini. A tsohon buhu, layin farko mai A miliyan goma ne. Layi na biyu mai D, wanda ke yi wa kaza ƙashi da ɓawon ƙwai, miliyan biyu. Layi na uku mai E, dubu goma. Ko barci nake aka tashe ni zan faɗa. A sabon buhun, A dubu uku, E dubu goma, D kuwa hamsin. Hamsin, Afia. Biyar da sifiri ɗaya. Kuma kuɗin bai ragu da ko sidi ɗaya ba.

Ranar Lahadi da aka tashi daga coci na tare shi a ƙarƙashin mangwaro, mutane na tsaye.

Na ce, “Ansu, ina sauran sifirina?”

Ya ce, “Kwadwo, wane sifiri kuma da ranar Allah?”

Na ce, “Miliyan biyu na saba saya, ka ba ni hamsin. Sauran kana gina bene da su ne?”

Ya ce, “Masu kawowa sun ce duk ɗaya ne, rubutun kawai aka canja.”

Na ce, “To ka nuna mini yadda hamsin ta zama miliyan biyu, ni ma in je in yi wa kajina haka.”

Mutane suka yi dariya, shi kuwa ya tsaya yana murza hularsa. Mai gaskiya ba ya rasa amsa. Nan na kira shi ɓarawo mai riƙe da littafin waƙa, kowa ya ji, kuma ban janye ba.

Yanzu ga damuwata. Ina da 'yan kaji dubu ɗaya, sati goma sha bakwai, saura ƙiris su fara ƙwai. Tsofaffin sun kusa gama aikinsu, waɗannan su ne abin da ya rage mini. Idan suka lalace ba ni da ƙarfin sake farawa daga 'yan tsaki. Ragowar jan buhu za ta kai ni kwana shida. Bayan nan dole in buɗe na Ansu, amma maimakon gwangwani ɗaya a kowane haɗi, goma zan zuba. Da lambar zan bi, buhun gaba ɗaya ma ba zai isa ba, amma ni ba mahaukaci ba ne.

Ke da kike sayar da magani, ki gaya mini ofishin da ake kai ƙarar irin su Ansu. Kada ki ce in je wurin malamin gona. Mutumin da ya tashi a taron masu kaji ya kira haɗina kame-kame, ba zan taka ƙofarsa ba ko kajin duka za su mutu.

Wofanki,
Kwadwo Kyereme

*

Kumasi, 5 ga Mayu

Wofa,

Na karɓi takardarka da ƙwai talatin, babu ko tsagagge. Mama tana gaishe ka, ta ce kai ne ka daina amsawa. Ina lafiya, aiki ne dai ya yi yawa, mu biyu ne kawai a kantin. Zancen jana'iza ka yi mini haƙuri, zan zo mu yi shi baki da baki.

Wofa, kawuna, ina roƙonka kada ka ƙara ko rabin gwangwani sai ka ji daga gare ni. Lambobin da ka kwafo mini ba su isa in ba ka amsa ba. Bayan kowace lamba akwai wasu ƙananan harufa, su ne ke faɗin irin awon da aka yi. Hamsin tana iya zama kaɗan ƙwarai, tana iya zama daidai da miliyan biyun, ya danganta da waɗannan harufan. Kamar a ce maka masara hamsin ce, ba a ce buhu ko kwano ba.

Mu ma muna fama da wannan kullum. Likita ya rubuta da wani awo, kwalba ta zo da wani. Akwai manhaja a wayata da muke juya awon bitamin da ita, daga wannan zuwa wancan, ko minti ɗaya ba ta ɗauka. Amma sai na ga takardar buhun da idona. Ka yanko ta tsohon da ta sabon, ka ba Oppong gobe-gobe.

Zancen ƙara kuma ka dakata. Agya Ansu, wannan baban namu, shi ne ya riƙe maka hannu a bakin kabari, na gani.

Da ka yarda ka riƙe waya da yanzu mun gama wannan magana.

'Yarka,
Afia

*

Dormaa, 14 ga Mayu

Afia,

Gaisuwa da fatan alheri. Gwiwa tana nan yadda take. Takardarki ta 5 sai jiya ta iso hannuna. Motar Oppong ta lalace a Sunyani, ya bar ta a gareji da takardar a cikin aljihun gaba, ya hau wata ya yi ta jigila mako guda bai tuna ba. Da na yi masa magana sai ya ce, “Opanin dattijo, ai takarda ba ta ruɓewa.” Kin ji irin mutanen da muke zaune da su.

Na karanta sau uku. Na gode da kika tabbatar mini da bakinki cewa hamsin kaɗan ce ƙwarai. Na san ba ni kaɗai nake da ido ba. Sauran zancen buhu da kwano ban ga inda ya shafe ni ba, ni da na auna masara tun uwarki tana goye.

Zancen kada in ƙara ya zo a makare. Jan buhu ya ƙare ranar 9, na yi haɗin mako guda da gwangwani goma-goma. To ki ji aikin garin abokin nawa. Yau kwana biyar kajin ba sa cin rabin abin da suka saba. Su zo bakin kwano, su tsattsaga, su koma wurin ruwa. Ruwa kuwa kamar ana zuba shi a rami. Kashinsu ya tsinke, ƙasan ɗakin ta jiƙe har na canja diddigar katako sau biyu. Da safe idan na shiga ba sa yi mini wannan hayaniyar, sai su tsaya suna kallona. Goma sha ɗaya sun mutu. Na ɗaga ɗaya, ƙashin ƙirjinta kamar bayan wuƙa.

Wannan yunwar bitamin ce, na san ta. Garin Ansu alli ne kawai da ƙamshi. Haɗi na gaba, ranar 16, ashirin zan zuba, in ga ko za su farfaɗo.

Ga takardun buhunan na yanko miki tun da kin nace. Ki duba da abin wayar taki, ki rubuta mini sakamakon da manyan baƙaƙe, ki sa hatimin kantinku, in kai wa shugaban masu kaji. Ina so a karanta a gaban Ansu.

Zancen waya kuma ki bar shi. Wadda ɗana ya saya mini, mutum yana magana kamar daga cikin tulu, in ce me, ya ce me, kati ya ƙare. Takarda ba ta katse mutum.

Ƙwai talatin ne.

Wofanki,
Kwadwo

*

Kumasi, 15 ga Mayu

Wofa,

Ka gafarta mini gajeriyar gaisuwa, Oppong yana tsaye a ƙofa yana jira, na hana shi tafiya sai da wannan.

Ka daina ba su wannan abincin yau. Kada ka zuba ashirin. Ba yunwa ke kashe su ba, yawa ne.

Ban ce hamsin kaɗan ce ba. Na ce tana iya zama kaɗan, tana iya zama daidai. Ka ɗauki rabin maganata ka bar rabi. Yanzu na ga takardun. Tsohon buhu an rubuta shi da awon da ake kira IU, wanda ke faɗin ƙarfin aikin bitamin. Sabon an rubuta shi da miligiram, wato nauyinsa. Na saka a manhaja. D miligiram hamsin, IU miliyan biyu ne daidai, babu ragi babu ƙari. A miligiram dubu uku, miliyan goma ne. Duka buhunan sun ce kilo biyu da rabi a tan ɗaya na abinci. Gari ɗaya ne, Wofa. Gwangwaninka ɗaya na da shi ne daidai.

Kuma ba D kaɗai ke cikin garin ba. Duk abin da ke ciki ka ninka shi goma, har da waɗanda kaɗan ake so, yawansu guba ne. Shi ya sa suka ƙi ci suke ta shan ruwa. Ka haɗa musu masara da dusa da waken soya da garin ƙashi kawai, babu garin bitamin, na kwana huɗu ko biyar. Ruwa mai tsabta kada ya yanke. Wanda ka riga ka haɗa kada ka zubar, ka ajiye gefe.

Ni maganin mutane na karanta, ba na kaji ba, don haka na tambayi wata likitar dabbobi da ke sayayya a wurinmu, ita ma haka ta ce.

Na ji tsoron kada takarda ta sake kwana a gareji, sai na kira Agya Ansu, don lambarsa kaɗai nake da ita a unguwarku. Na roƙe shi ya zo ya gaya maka. Na san abin da ke tsakaninku. Ka saurare shi saboda kajin.

Afia

*

Dormaa, 18 ga Mayu

Afia,

Ina lafiya. Ki gaida uwarki.

Ashe har kin iya aiko mini ɓarawo gida. Ya zo ranar 15 da rana, ya tsaya a bakin ƙofa yana kiran sunana kamar mai tallan gawayi.

Ya ce, “Kwadwo, 'yarka ta ce ka tsayar da abincin nan.”

Na ce, “Ka je ka gaya wa 'yarka, ni tawa ba ta aike da bakin kasuwa.”

Ya ce, “Ka zage ni gobe, yau ka ceci kajin. Kurman banza, ji nake su ma sun fi ka jin magana.”

Na sakar masa kare. Karen ma ya san shi, sai ya je yana kaɗa masa wutsiya.

Na tsayar da garin, amma ba don shi ba, ba kuma don wayarki ba. Na tsayar ne don na ga ko alli ne ko guba, ba ya amfana musu komai. Sun ɗan fara ci. Waɗanda suka mutu sun kai ashirin da bakwai.

Yanzu ki amsa mini wannan, ke da abin wayarki. Kin ce awo aka canja. To. Idan na bar kwano na koma buhu, masarata da dawata da waken soyata duk tare za su ragu a lissafi, daidai wa daida. Amma a nan A ta sauko daga miliyan goma zuwa dubu uku. D ta faɗo daga miliyan biyu har hamsin, faɗuwar da ta fi ta A nesa ba kusa ba. E kuwa tana nan a dubu gomanta, ko gezau. Wane irin awo ne yake cin wani da yawa, ya ci wani kaɗan, ya bar wani? Na kwana biyu ina juya wannan. Awon da ke zaɓar wanda zai rage, a kasuwarmu sunansa sata. Abin wayarki wani ne ya ƙera shi, kuma wanda ya ƙera shi da masu buhu duk 'yan makaranta ɗaya ne.

Kaza ba ta ƙwai babu bitamin, wannan na sani. Na Ansu ba zan ƙara taɓa shi ba, kuma duk garin nan yanzu mai ruwan ganyen ne, na aika an duba. Saboda haka na yanke shawara. Akwai wata mata mai saye tana kaiwa ƙetaren iyaka, ta zo ta gani, ta taya su da kuɗin nama. Ranar Talata, ranar kasuwa, za ta zo da mota. Gara in sayar da su suna tsaye da in riƙa kwasarsu da shebur. Daga nan na rufe ɗakunan. Shekara talatin da ɗaya ta isa.

Wannan tiren na tsofaffin ne, ƙila shi ne na kusa da ƙarshe. Talatin.

Kwadwo Kyereme

*

Kumasi, 20 ga Mayu

Wofa,

Ina gaishe ka da girmamawa. Tambayarka ta fi ta wasu da na yi makaranta da su, kuma ba zan amsa ta da baki ba, don na san ba za ka karɓa ba.

Na tuna ina ƙarama, idan masu masara suka zo da sikelinsu, ba ka musu da su. Sai ka shiga ɗaki ka ɗauko wannan baƙin dutsen naka mai kilo ɗaya ka ɗora. Idan allura ta tsaya daidai ka saya, idan ta kauce ka nuna musu hanya. Mama ta ce har yanzu yana nan.

A cikin wannan ƙunshin akwai tsohuwar wayata. Ba ta kira, ba kuma wanda zai kira ka, na cire layin. Manhajar kaɗai na bari, tana aiki haka nan. Na zana maka a bayan takardar nan inda za ka taɓa, ɗaya bayan ɗaya. A da D da E ka san su, lamba kuma ba ta ɓoye maka. Ka ɗora mata dutsenka. Ka gwada ta ta duk hanyar da ka ga dama, ka yi mata wayo idan za ka iya. Idan ka kama ta da ƙarya ko sau ɗaya, ka sayar da kajin ranar Talata, ba zan ƙara cewa komai ba.

Oppong ya yi mini alkawarin zai sa ta a hannunka ranar Litinin. Na ce masa idan ta kwana a gareji ya nemi wani kantin da zai riƙa sayen maganin hawan jininsa.

'Yarka,
Afia

*

Dormaa, 19 ga Yuni

Zuwa ga 'yata Afia Benewaa.

Ina gaishe ki gaisuwa mai yawa, ina gaida uwarki, ki ce mata na amsa. Gwiwa da sauƙi. Na san wata guda ke nan kina aiko tambaya ta bakin Oppong ina ce masa ya ce miki ana nan. Ban so in rubuta ba sai ina da abin da zan ɗora a kan takardar.

Wayar ta iso ranar Litinin da hantsi. Na zauna a kan benci a bakin ɗakin kaji, na shimfiɗa zanenki a cinya. Yatsana ya yi mata kauri, in taɓa biyar ta ba ni shida, sai da na koma ɗan ƙaramin. Na taɓa D, na rubuta hamsin, na taɓa inda kika zana kibiya. Miliyan biyu ta fito, na ƙirga sifirin da tsinke, shida ne. Na ce to, an koya miki wannan. Sai na juya ta, na ba ta miliyan biyu ta ɗaya gefen. Ta mayar mini da hamsin ɗina. Na ba ta rabin hamsin, ta ba ni miliyan ɗaya. Na ba ta lambar da babu mai buhun da ya taɓa rubutawa, shekaruna saba'in da uku, na kwafe abin da ta ce a ƙasa da tsinke, na goge, na mayar mata, ta dawo mini da saba'in da uku. Sikelin da ke mayar maka da abin da ka ba shi ta kowane gefe, ban taɓa ganin ya yi sata ba.

Sai na yi mata wayon da kika ce. Na bar hamsin ɗin a wurinta, na canja D zuwa A. Amsar ta canja. Na canja zuwa E, ta sake canjawa, kuma kafin ta amsa sai da ta tsayar da ni in zaɓi wane irin E ne, nan na bi alamar da kika yi mini. A nan na ajiye wayar. Afia, ni ne fa na san kwanon masara da kwanon dusa ba nauyinsu ɗaya ba. Ni ne nake zuba gishiri da cokali, masara da buhu, ban taɓa cewa gishiri ya cuce ni ba. Kowanne da ƙarfinsa. D ɗin nan ɗan mitsitsi ne mai ƙarfin tsiya, shi ya sa nauyinsa hamsin, aikinsa miliyan biyu. Abin da na yi shekara talatin ina yi da hannuna, shi aka rubuta a buhu na kasa ganewa.

Amma abin da ya fi kama ni shi ne na ƙarshe. Na goge komai, na rubuta hamsin, ban gaya mata ko wane bitamin ba ne, na taɓa kibiya. Ta ƙi. Wurin ya yi ja, ba ta ba ni ko lamba ɗaya ba. Na sake, ta sake ƙi. Na rantse miki tun da nake ban taɓa ganin mai ilimi ya yi haka ba. Malamin gona ko ba ka gama tambaya ba ya ba ka amsa. Wannan kuwa cewa take, gaya mini na wane ne tukuna. Ko waye ya ƙera ta, ya san awo, kuma uwarsa ta yi masa tarbiyya. Ina cikin yaba mata sai na tuna wata ta taɓa rubuto mini cewa ba za ta amsa ba sai ta ga takardar buhu, ni kuwa na tsinci abin da nake so a maganarta na yar da sauran. Na ɗauko takardarki ta 5 na sake karantawa. Yadda kika ce haka yake.

Ranar Talata matar ta zo da motarta da kejuna. Na ba ta kuɗin mai da tire ɗaya na ce ta yi haƙuri. Ta ce tsofaffin Dormaa duk haka suke. Ban musa ba.

Na koma gwangwani ɗaya. Abincin da na lalata ban zubar ba. Kwano ɗaya nasa, tara na wanda babu gari, na juya da shebur sau bakwai yadda nake yi, ya koma daidai. Wannan ban tambayi waya ba. Talatin da huɗu na rasa gaba ɗaya. Sauran sun yi makonni suna mayar da jiki, ƙwai ya yi jinkiri, kullum da safe ina duba akwatuna babu komai, har na fara cewa na kashe musu ciki.

Zancen Ansu. A ƙarƙashin mangwaro na zage shi, don haka a can na je, ranar Lahadi, da dattijon coci a gabana kamar yadda ake yi. Na zame mayafina daga kafaɗa na ce abin da na faɗa ƙarya ne, mutumin nan bai cuce ni ba. Ya bar ni a tsaye, mutane na kallo.

Sannan ya ce, “Ku ce ya ƙara faɗa, ni ma yau kunnena ya toshe.”

Na ƙara. Da mutane suka watse ya jawo ni gefe ya ce, “Kwadwo, tsakanina da kai, ni ma ban san yadda hamsin ta zama miliyan biyu ba. Ranar da ka tambaye ni, kwana na yi ina tunanin ko ni aka cuta nake cutar mutane.”

Na ciro wayar daga aljihu na ce, “Zauna, jahili, in koya maka.”

Yanzu ranar kasuwa a kantinsa nake wuni. Mutum uku na samu da suka fara ninka garin kamar ni, ɗaya har da takardar makarantar gona. Idan mutum ya zo da lamba a baki, ba na amsa masa. Sai in ce ya je ya yanko takardar buhu.

Wayar kada ki sa ran za ta dawo. Ki aiko mini igiyar cajinta ta biyu, ta farkon ɓera ya taɓa ta.

Ranar 12 ga wata na shiga da safe, tun daga ƙofa na ji hayaniyarsu ta canja. A akwati na uku na same shi, ƙarami, da ɗuminsa. Na ƙwanƙwasa shi da farce, ɓawon ya amsa kamar tangaran. Jiya sun ba ni ɗari biyu da shida, kullum ƙaruwa suke.

Tiren nan duk nasu ne, na farko-farkon da na tara miki. Ƙanana ne, haka na fari suke, kada ki raina. Za ki ga ashirin da tara. Kada ki taɓa Oppong. Na farkon na kai wa Ansu da hannuna.

Ki zo a watan Agusta, ki kwana.

Wofanki,
Kwadwo Kyereme